Karatun /proc/mdstat a Ranar da Faifai Ya Mutu

 

Maganar yau a kan rubutu ne da bai wuce layi biyar ba. Shi ne abin da Linux ke nuna wa mutum idan ya buga `cat /proc/mdstat` bayan faifai ɗaya ya mutu a cikin gungun faya-fayai, an saka sabo, na'ura ta kama aikin sake gini. Yawancinmu wuri ɗaya muke zuba wa ido a irin wannan rana: kashi nawa aka ci, minti nawa suka rage. Ni kuwa a ganina wannan layin ne mafi ƙarancin amfani a duk allon. Labarin da zai raba ka da bayanan mutane ko ya bar maka su yana sama da shi, wani ɓangaren labarin ma ba ya kan allon gaba ɗaya.

Saboda ɗalibai, bari in ɗan koma baya. A shekarar 1988 masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar da takardar da ta raɗa wa wannan dabara suna RAID. Hujjarsu ita ce ƙananan faya-fayai masu araha, in an haɗa su da yawa, za su yi wa babban faifai guda mai tsada fintinkau wajen sauri, sai dai yawan nasu na nufin za a riƙa samun mutuwa a kai a kai, don haka dole a tanadi abin da za a maido da ɓatacce da shi. A mataki na 1, kowane faifai na ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. A mataki na 5 ana yanka bayanai gunduwa-gunduwa a rarraba, a kowane sahu kuma a ware gunduwa guda ta lissafi. Idan na ce muku lambobi uku sun haɗu sun ba da 12, biyu daga cikinsu 3 ne da 5, ba wanda zai kasa faɗin ta ukun. Na'ura ba tarawa take yi ba, lissafin XOR take yi, amma hikimar ɗaya ce. Ku riƙe abu guda a nan, don za mu dawo gare shi: ba a gano lambar da ta ɓata sai an karanta duk sauran daidai. Mataki na 6, wanda ya zo daga baya, lissafi biyu yake ajiyewa, shi ya sa yake jure mutuwar faifai biyu.

A Linux, wani sashe na kanel mai suna md ne ke wannan aiki ba tare da wani kati na musamman ba, umarnin da muke sarrafa shi da shi kuma mdadm ne, wanda Neil Brown na ƙasar Ostareliya ya fara rubutawa a 2001. Akwatunan ajiya na Synology da QNAP da wasunku ke da su a ofis, in kun leƙa ƙarƙashin shafinsu mai launi, md ɗin nan za ku tarar.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Faya-fayai huɗu ne masu terabait 4 kowanne, a mataki na 5, ɗaya ya mutu, an ƙara sabo:

```
md0 : active raid5 sde1[5] sdd1[4] sdc1[2] sdb1[1](F) sda1[0]
      11720656896 blocks super 1.2 level 5, 512k chunk, algorithm 2 [4/3] [U_UU]
      [==>..................]  recovery = 12.6% (493568000/3906885632) finish=410.9min speed=138450K/sec
      bitmap: 6/30 pages [24KB], 65536KB chunk
```

Kalmar farko da ke yaudarar mutane ita ce `active`. Abin da take faɗa kawai shi ne an tayar da gungun, kanel na riƙe da shi. Ba ta ce komai a kan lafiyarsa ba. A kanel da yawa da har yanzu ke aiki a sabobinmu, gungun mataki na 5 da ya rasa faifai biyu, wanda ba a iya karanta komai a cikinsa, zai ci gaba da nuna `active` hankali kwance. Kishiyarta, `inactive`, ita kuma tsoro take bayarwa fiye da kima. Mutum ya kunna na'ura, ya ga duk faya-fayansa da alamar `(S)` a gefe, wato faifan ko-ta-kwana, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka an share masa komai. Galibi abin da ya faru shi ne lokacin tashi an fara haɗa gungun, ba a samu isassun 'yan gida ba, aka tsaya a tsakiya. Gungun da bai tashi ba bai raba wa kowa gurbi ba tukuna, shi ya sa kowa ya fito da wannan alama. A tsayar da shi da `mdadm --stop`, a bincika, sannan a sake haɗawa. Haka nan in ka ga md0 ɗinka ya koma md127, yawanci sunansa ne ba a samu a mdadm.conf ba, bayanai na nan.

Sai sunaye da lambobin da ke gefensu. Ku lura a misalinmu akwai 0, 1, 2, 4, 5, babu 3. Wani zai ce faifai na 3 ne ya ɓata. A'a. A tsarin `super 1.2` waɗannan lambobin rajista ne, lambar da aka ba faifai ranar da ya shigo gungu, ba gurbin da yake aiki a ciki ba. Dalilin rashin 3 ma abin sha'awa ne: mdadm idan zai ƙirƙiri sabon mataki na 5, da gangan yake tayar da shi da giɓi ɗaya, ya sa faifan ƙarshe a matsayin ko-ta-kwana ya gina a kansa, domin hakan ya fi sauri. Shi ya sa sabon gungu dal, ranar da aka ƙirƙire shi, yake nuna `recovery` kamar wani abu ya lalace, kuma faifansa na ƙarshe ya tsallake lamba. Alamar `(F)` na nufin md ya kori wannan faifai. Ku kula, kora na ce, ban ce mutuwa ba: kebul da ya saki ko wutar da ta yi rauni na iya jawo wa lafiyayyen faifai wannan alama. Shi kuma sabon, sde1, ba shi da wata alama sam, kamar ya riga ya zama ɗan gida, alhali kashi 12 kawai ke kansa.

Tunda muna kan sunaye: sdb suna ne na aro. Ka kashe na'ura ka cire faifai guda, wanda jiya yake sdc yau ya zama sdb. Kafin hannunka ya taɓa wani faifai, ka samo lambar siriyal da `smartctl -i` ko `lsblk -o NAME,SERIAL`, ka rubuta a takarda, ka gwada da wadda ke manne a jikin faifan. Wanda ya zare lafiyayye a madadin matacce daga mataki na 5 mai giɓi, da hannunsa ya yi mutuwa ta biyu.

Yanzu layin da nake so ku haddace. Lamba mai tsawon nan, 11720656896, girman gungun ne a ma'aunin kilobait, wato faifai uku a haɗe, tunda gwargwadon ɗaya ya tafi a lissafi. Amma ƙarshen layin ne gaskiyar magana: `[4/3] [U_UU]`. Gurbi huɗu ake buƙata, uku ne cikakku. Kowane U gurbi ne mai lafiya, ɗan karan ƙasa kuma giɓi. Jerin yana bin lambar gurbi daga 0, ba ya bin yadda sunaye suka jeru a layin sama, saboda haka giɓin nan na gurbi na 1 ne. Kuma wannan giɓi ba ya cikewa a hankali. A kashi 12 `[U_UU]` ne, a kashi 99.9 ma `[U_UU]` ne. Muddin bai koma `[4/4] [UUUU]` ba, ba ka da kariya. Wanda ya ga kashi 95 ya ce ai an kusa, bari in sake wa ma'aikata saba su yi ta aiki, bai fahimci lissafin ba.

Layi na uku shi ne mai jan ido. Kafin kashi, ku karanta kalmar da ke gabansa, don aiki huɗu daban ne ke amfani da wannan zanen kibiya. `recovery` shi ne namu: ana karanta tsofaffi ana rubuta wa sabo, babu kariya har a gama. `resync` na zuwa ne galibi bayan na'ura ta mutu ba shiri, duk faya-fayai na nan, ana daidaita lissafi da bayanai inda rubutu ya yanke a tsakiya. `check` karatu ne na duba lafiya, kana iya tsayar da shi ba abin da zai faru. `reshape` kuwa sauya fasalin gungu ne, ƙara faifai ko canza mataki, kuma shi ne wanda ba a so a katse da ganganci. Na sha ganin wanda ya tashi hankalinsa a safiyar Lahadi don ya ga kibiya na tafiya, alhali Debian ce ke yin `check` ɗinta da ta daɗe tana yi a Lahadin farko ta kowane wata.

Lambobi biyun da ke cikin baka, 493568000 da 3906885632, su ma kilobait ne, amma na faifai guda, ba na gungu duka ba. Haka `speed`: saurin da ake ci a kan kowane faifai ne. Shi kuma `finish=410.9min`, kusan awa 7, ba alkawari ba ne. Kanel na ɗaukar saurin da aka yi a kimanin sakan 30 da suka wuce, ya raba abin da ya rage da shi, shi ke nan. Wani ya buɗe babban fayil, lambar ta haura minti 3000. Ya rufe, ta sauko. Ko da ba wanda ya taɓa na'urar, faifai mai juyawa ya fi sauri a bakin gefe, inda ake farawa, yana kusantar tsakiya yana raguwa har kusan rabi. Saboda haka ƙiyasin da ka gani a farko kullum ya fi gaskiya daɗi. Kada ka ɗauke shi ka kai wa shugaban ofis a matsayin lokacin gamawa.

Saurin na da linzami biyu a `/proc/sys/dev/raid/`. Na sama, `speed_limit_max`, yana kan 200000 in ba a taɓa shi ba. Na ƙasa, `speed_limit_min`, yana kan 1000, kuma ma'anarsa ita ce idan md ya ga wasu na amfani da faya-fayai zai ja baya ya ba su hanya, har ya iya sauka zuwa kilobait 1000 a sakan. Ku yi lissafi da faifanmu: a wannan tafiyar sai an yi kwana 45. Kwana 45 babu kariya. Ana iya ɗaga na ƙasan zuwa 50000, ni dai na fi son a rage wa saba aiki in da hali, a dakatar da abin da zai iya jira, domin tsalle tsakanin aikin mutane da aikin gini ne ke gajiyar da kan karatu. Idan kuwa gini ya fara da gudu, bayan ɗan lokaci ya zube ƙasa warwas ba tare da wani dalili ba, a duba irin sabon faifan. A 2020 aka gano cewa kamfanin Western Digital na sayar da wasu faya-fayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 da fasahar SMR ba tare da ya bayyana ba, irin da layukan rubutu ke hawa kan juna, wanda dogon rubutu ba hutu ke iya shaƙe shi. Bayan ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya ware na gargajiya da sunan Red Plus.

Wani lokaci babu kibiya sam, sai `resync=DELAYED` ko `resync=PENDING`. Na farko layi ne: wani gungu da ke kan faifai ɗaya da wannan yana nasa aikin, md ba ya son su yi tare. Na biyu na nufin gungun ya tashi a yanayin karatu kawai yana jiran rubutun farko, `mdadm --readwrite` na sa shi ya motsa.

Idan ka buga `mdadm --detail /dev/md0` za ka ga layin `State : clean, degraded, recovering`. Kalmomi uku ne masu amsa tambayoyi uku daban. `clean` na cewa babu rubutun da ya rataya a tsakiya a wannan lokacin, `degraded` na cewa akwai giɓi, `recovering` na cewa ana cike shi. Ba sa karo da juna. A ƙasa za ka ga `Active Devices : 3`, `Working Devices : 4`, `Spare Devices : 1`, sabon faifan kuma an rubuta masa `spare rebuilding`. Mutane kan ce ai ni ba ko-ta-kwana na saka ba, me ya sa ake kiransa haka? Haka md ke ƙirga shi har sai ya kammala. A wannan teburi ne kuma za ka ga `Number` da `RaidDevice` gefe da gefe, rajista da gurbi, ruɗanin ɗazu ya warware.

To, ina haɗarin yake? Duk wanda ya taɓa ganin ana sauya azarar da ta karye a soro ya san ba sabuwar magini ke jin tsoro ba, tsofaffin ne, waɗanda nauyin rufin ya koma kansu kafin sabuwa ta zauna. A misalinmu, don a cika sde1 sai an karanta sda1 da sdc1 da sdd1 daga farko har ƙarshe, terabait 12, har da wuraren da ba a taɓa ba shekara da shekaru, har da wuraren da babu fayil ko ɗaya, don md bai san fayil ba. Takardun masu ƙera faya-fayai na gida kan rubuta cewa kuskuren karatu da ba ya gyaruwa bai wuce ɗaya ba a cikin bit 10 sau kansa 14, wanda ya kama kimanin terabait 12.5. Kun ga yadda lambobin biyu suka yi kusa. Ban yarda da masu ɗaukar wannan su ce kowane gini dole ya faɗi ba, domin iyaka ce aka rubuta, faya-fayai da yawa sun fi haka inganci nesa. Abin da ya fi damuna shi ne gurbin da ya lalace tun watanni shida da suka wuce, ba wanda ya sani don ba wanda ya karanta shi. Da an karanta shi lokacin da gungu ke cike, md zai lissafo abin da ke wurin daga sauran, ya sake rubutawa, magana ta ƙare. Yau da giɓi, babu inda za a lissafo shi. Amfanin `check` na wata-wata ke nan, kuma shi ya sa nake ganin wanda ya kashe shi don yana rage sauri ya ci bashin da zai biya a mummunar rana. Ga kuma cewa faya-fayan nan yawanci rana ɗaya aka sayo su, daga kwali ɗaya, sun sha zafi ɗaya da ɗaukewar wuta ɗaya.

Shi ya sa kafin a fara gini nake duba `smartctl -a` na kowane tsoho, musamman lamba 5, 197 da 198: guraben da aka sauya, waɗanda ke jiran hukunci, da waɗanda suka ƙi karantuwa. A 2007 masu bincike na Google, Pinheiro da Weber da Barroso, suka fitar da nazari a kan faya-fayai sama da 100,000. Sun samu cewa faifan da ya nuna kuskuren duba na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma sun kuma samu cewa kashi 36 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba ko kaɗan. Wato in ya yi gargaɗi ka gaskata shi, in ya yi shiru kada ka saki jiki. Kuma in babu sabon kwafin ajiya a wani wuri, shawarata ita ce a fara kwashe abin da ba a iya maye gurbinsa, takardun albashi, rajistar ɗalibai, kafin a saka sabon faifai. Kwashe gigabait 200 ya fi karanta terabait 12 sauƙi a kan tsofaffin.

Akwai wani tarko da allon mdstat ba zai taɓa nuna maka ba. Faifan kwamfutar gida idan ya ci karo da gurbi mai wuya yakan yi shiru yana ta gwadawa, wani lokaci fiye da minti guda. Kanel kuwa sakan 30 yake jira. In bai ji amsa ba sai ya sake saita hanyar, faifan bai amsa ba, md ya ɗauka duka faifan ne ya tafi, ya kore shi, saboda gurbi ɗaya tak. Faya-fayan da aka yi don gungu suna da iyaka, galibi sakan 7, su haƙura su ce sun kasa. Ana duba wannan da `smartctl -l scterc`, ana saita shi da `scterc,70,70`, kuma a faya-fayai da yawa saitin na gogewa in wuta ta ɗauke, sai an maimaita a kowane tashi. Wanda faifansa bai san wannan ba, ya ɗaga jiran kanel zuwa 180 a `/sys/block/sda/device/timeout`, haka ga kowane faifai. A yi wannan kafin gini, ba bayan an yi kora ba.

Saboda haka taga biyu nake buɗewa. Ɗaya na `watch cat /proc/mdstat`, ɗaya na `dmesg -w`, kuma ta biyun nake kallo. A can ne za ka ga `Disk failure on sdb1, disabling device`, da `Operation continuing on 3 devices`, da koke-koken hanyar SATA tun kafin su zama kora. A can ne kuma za ka bambance `recovery done` da `recovery interrupted`, domin a mdstat dukansu abu ɗaya suke yi: kibiya ta ɓace.

Idan kibiya ta ɓace, koma ga layi na biyu. In `[UUUU]` ne, alhamdu lillahi, amma da sauran dubawa. Gungun da ke da rajistar munanan gurabe, wadda md ya samu tun kanel 3.1, yana iya cin karo da wurin da ya ƙi karantuwa, ya rubuta shi a rajista, ya wuce, ya kammala. Allon zai nuna komai cike alhali akwai rami a wani fayil. `mdadm --examine-badblocks` a kan kowane faifai zai faɗa maka. In kuma ka ga sabon ya koma `(S)` giɓi na nan, gini ya katse, kuma sau da yawa laifin na tsoho ne, ba na sabon ba. A mataki na 1 an fi ganin wannan: md ba zai kori faifan ƙarshe da ya rage ba, sai ya fasa ginin. Mutum ya yi ta mayar da sababbin faya-fayai kanti yana faɗa da mai shago, alhali mai ciwon na cikin na'ura.

Mafi muni shi ne `[4/2] [U__U]`. A nan nake roƙonku, ku ɗauke hannu daga madannai. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma bayanai da yawa da aka rasa a wannan mataki ba faifai ne ya cinye su ba, umarnin da aka buga cikin firgici ne. Tsayar da gungun. Buga `mdadm --examine` a kan kowane faifai, ka adana sakamakon a wata na'ura. Abin da kake nema shi ne `Events`, `Update Time` da `Device Role`. `Events` ƙidaya ce da ke ƙaruwa duk lokacin da aka sabunta shaidar gungu, faifan da aka kora kuma tasa ta tsaya cak. Wanda ya mutu makon jiya zai kasance baya da nisa. Wanda aka kora ɗazu tazararsa kaɗan ce, kuma kusan duk bayanansa na nan daidai. Shi ake kwafewa da ddrescue zuwa lafiyayyen faifai, sannan a haɗa kwafin da sauran biyun da `--assemble --force`, a bar tsohon mataccen a waje, a hau gungun don karatu kawai, a kwashe kaya. Abin da ba a yi shi ne `--create`. Za ku ga masu ba da wannan shawara. Yana rubuta sabuwar shaida a kan tsohuwa, kuma in jerin gurabe ko girman gunduwa ko inda bayanai suka fara ya saɓa da na asali, wanda yakan bambanta tsakanin fitowar mdadm daban-daban, ka goge taswirar da za ta fitar da kai.

Ba zan bar maganar wuta ba, tunda mu nan ginin awa 7 ko awa 20 dole ya ratsa ta hannun NEPA da janareta. In ka kashe na'ura yadda ya kamata a tsakiyar gini, tsarin 1.2 na rubuta inda aka tsaya, a ci gaba daga nan. Tsohon tsarin 0.90 daga farko yake komawa. Amma in wuta ta yanke ana cikin rubutu, gungun ya zama mai giɓi kuma mai datti a lokaci guda, kanel zai ƙi tayar da shi, ya rubuta `cannot start dirty degraded array`. Ba taurin kai ba ne. Wani sahu an rubuta bayanansa ba a kai ga lissafinsa ba, kuma da wannan lissafin ne ake ƙirƙiro abin da ke gurbin da babu. Kana iya tilasta shi, amma ka san wasu gunduwoyi na iya fitowa gurɓatattu ba tare da wata ƙara ba. Kafin ka buga `--add`, ka tabbata batirin inbata na da caji, janareta na da mai, kuma mai gadi ya san ba a kashe shi da daddare.

Layin ƙarshe, `bitmap`, taswira ce ta yankunan da aka yi wa rubutu, kowane yanki megabait 64 a misalinmu. A mdadm 3.3 aka fara saka ta kai tsaye ga manyan gungu. Muddin akwai giɓi ba a share alamominta, don haka in kebul ne ya jawo kora, faifan lafiyarsa ƙalau, `--re-add` zai kwafe yankunan da suka canza kawai, aikin awa 7 ya koma na mintuna. Ga sabon faifai fil ba ta rage komai. A fitowar 3.3 ɗin ce kuma aka samu `--replace`, wanda a ganina ba a amfani da shi yadda ya cancanta. Idan faifai ya fara ciwo bai mutu ba, kuma akwai ramin da za a saka na biyar, kada ka kore shi. Ka ƙara sabo ka ce a maye gurbinsa. Za ka ga `(R)` a gefen sabon, layi na biyu kuma na nan `[UUUU]` har a gama, domin ana kwafa ne daga mai ciwon, inda ya kasa a lissafo daga sauran.

Masu bibiyar `mdadm --monitor`, ku lura da sunayen saƙonninsa, kuma ba duka ne ke zuwa ta imel ba. `RebuildFinished` na zuwa ko an kammala ko an fasa, littafin mdadm da kansa ya faɗi haka. `SpareActive` ne albishir, shi ke cewa sabon ya zama ɗan gida. Wanda bai taɓa samun saƙo ba, ya gwada `mdadm --monitor --scan --test --oneshot` yau, ya ga ko `MAILADDR` ɗinsa na kaiwa ga mutum mai rai ko ga wanda ya bar aiki bara.

Bayan `[UUUU]`, in daga wannan gungu na'ura ke tashi, a saka GRUB a kan sabon faifan, don md ba ya kwafe abin da ke wajen yankinsa. A sa `check` guda cikakke, a duba `mismatch_cnt` in ya gama. Tsohon faifan kuma kada a goge shi, kada a ba yaro ya kai kasuwa. A rubuta masa kwanan wata da lambar gurbinsa a jiki, a sa shi a durowa, sai `check` ɗin ya fito lafiya kuma an ɗauki sabon kwafin ajiya.

Shugaban taro, na ga hannaye a sama tun ina maganar `--create`. A fara da su.